Salon maganar Turanci masu ɗauke da kalmar "have"

"Have" aikatau ne na harshen Turanci da ke nuna mallaka. Ya samo asali daga kalmar "habban" ta tsohon Turanci, kuma yana sauya siga zuwa "has", "had" da "having". Hausa ba ta da aikatau irinsa na yau da kullum, sai dai ta ce "yana da" ko "tana da". Shi ya sa masu koyon Turanci kan fassara shi da mallaka a ko'ina, alhali a salon magana da yawa babu abin da aka mallaka.

Hali da yanayi

"Have a sweet tooth" ana faɗa wa mai kwaɗayin kayan zaƙi. "Have one's hands full" na nufin aiki ya yi wa mutum yawa. "Have second thoughts" shi ne fara shakkar shawarar da aka riga aka yanke. "Have had it" kuwa na nuna mutum ya ƙoshi da wani abu, ko kuma na'ura ta lalace har ba ta gyaruwa.

Mu'amala

"Have a word with" shi ne yin gajeriyar magana da wani, galibi a keɓe, amma "have words with" cacar baki ce. Harafi ɗaya da ƙaramar kalma ɗaya ne suka raba su. Haka ma "have it in for" na nufin riƙe mutum a zuci da neman cutar da shi, yayin da "have it out with" ke nufin fuskantarsa a fili don a warware saɓani. A Ingila, "have someone on" zolaya ce ta hanyar faɗa wa mutum abin da ba gaskiya ba.

Karin magana

"Have your cake and eat it" na nufin son haɗa abubuwa biyu da ba sa haɗuwa, kusan daidai da karin maganar Hausa ta taura biyu ba ta taunuwa. Wata tsohuwar sigarsa ta fito a tarin karin maganar John Heywood na 1546. Akwai kuma "the haves and the have-nots", wato masu hali da marasa hali, inda aikatau ya koma suna.