Langa, fanteka da gara: tarihin kwanonin iyayenmu a Zangon Agege

Duk wanda ya tashi a Zangon Agege kafin roba da kula su cika gari zai tuna ɗakin tsohuwarsa: kwanoni a jere tun daga ƙasa har kusa da rufi, babba a ƙasa, ƙarami a samansa, kowanne da murfinsa da zanen furanni. Ba a zuba abinci a cikinsu sai da babban dalili. Yaron da ya kuskura ya taɓa kuwa, jikinsa ne zai gaya masa.

Jere ya girmi kwano. A ƙasar Hausa da ƙwarya aka fara, fara tas mai zane, tare da faifai da baƙin akushi na tuwon maigida. Masu hali su ƙara da tasoshin tagulla irin na maƙeran Bida. Jirgin ƙasa ne ya sauya lamarin. Layin dogo daga Ikko ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma ta Agege ya ratsa, inda gonakin goro suka jawo kakanninmu fatake suka kafa zango. Jirgin da ke haura wa da huhun goro zuwa Arewa shi ne ke ɗaukar kayan kantunan Turawa irin su John Holt da UAC, ciki har da kwanon ƙarfe mai fenti. Da fari daga Turai ake kawo shi, daga baya na Hong Kong ya mamaye kasuwa. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware, masana'antarsa na Ikeja, maƙwabciyarmu. Ke nan langar da amarya ke taƙama da ita a Katsina ko Maraɗi, ta yiwu a bayan gidanmu aka ƙera ta.

Masu cewa jere almubazzaranci ne ba su fahimci lissafin matan da ba. Kwano dukiyar mace ce ta kanta, miji ba shi da iko a kai. Ta ɗauki adashi ta sayi saiti, ta sayar da ƙosai ko fura ta ƙara wani. Ranar da rashin lafiya ta zo, ko aka koro yaro saboda kuɗin makaranta, sai a kira dillaliya ta fita da kwalla ɗaya a ɓoye cikin mayafi, buƙata ta biya ba tare da kowa ya ji ba. Abin da ya rage kuma shi za a kai ɗakin 'ya mace ranar aurenta. Ga matar da ke zaune a Kurmi, nesa da dangi, wannan bangon kwanonin shi ne bankinta.

Amfaninsu na fili ranar gara yake fitowa. Fanteka cike da dublan, wata da alkaki yana naso da zuma ko sukari, wata da nakiya, a ɗora wa 'yan mata a ka su nufi gidan ango, unguwa na ƙirga. Kwanaki ake yi ana aikin, maƙwabta kowa da murjinta. A da sai an jiƙa alkama an surfa an niƙa. Da Flour Mills, wanda aka kafa a 1960, ya fara niƙa a Apapa a 1962, fulawa ta zo kusa, cincin da kek suka shiga sahun gara. Burodi kuwa ya riga haka a Ikko, tun zamanin Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya buɗe gidan burodi a farkon ƙarni na 20, kafin sunan unguwarmu ya manne wa burodin da Najeriya duka ta sani.

Iyayenmu ba su da oba. Yashi suke zubawa a gindin babbar tukunya, a ɗora kan gawayi, a shafa mai a gwangwanayen madara a zuba ƙullun, a rufe, a sa garwashi a kan murfi. Ni dai har yau ban ci kek mai ƙamshin wannan ba. Lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, fulawa ta yi tsada, gidaje da yawa suka rage yawan fantekar gara ko suka ƙarfafa nakiya, tunda ita da shinkafa ake yi.

Daga nan tangaran ya zo, silba ta zo, kula ta zo, aka kwashe tsofaffin kwanoni aka tura ƙarƙashin gado. Yanzu idan tsohuwa ta rasu, sau da yawa 'yan bola jari ake kira su ɗora su a sikeli a kuɗin ƙarfe. Na ga an yi haka da jeren wata gwaggonmu, kwanonin da ta shekara talatin tana tarawa suka tafi a kura guda kafin la'asar.

Abin mamaki, wasu 'ya'yanmu mata masu sana'ar kek sun fara bin 'yan gwanjo a Katangowa suna neman irin waɗannan kwanoni da tsofaffin farantan tangaran, don ɗaukar hoton kayansu. In za ki saya, 'yar uwa, ki ɗaga ki ji nauyi, na da ya fi na yanzu kauri. Ki kifa shi ki duba tambarin da ke gindi, nan ake rubuta ƙasar da aka yi shi. Wanda fentin cikinsa ya ɓantare har tsatsa ta fito, a bar shi a ado, kada a zuba abinci. Kafin ki hau motar Abule Egba kuma, ki fara leƙa ƙarƙashin gadon Hajiya.