Tarihin Kwanon Shayi na Japan

Kwanon shayi, wanda Japanawa ke kira chawan, kasko ne na yumɓu marar mariƙi, da ake kaɗa garin koren shayi a cikinsa da ɗan maburgin gora, a tallabe shi hannu bibbiyu a sha. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. Malaman addinin Buda da suka je ƙaro ilimi can, irin su Eisai da ya komo gida a 1191, su suka yaɗa shan garin shayi. Kwanukan farko kuwa baƙaƙe ne masu sheƙi, ginin lardin Fujian, ana ce musu tenmoku, kuma abin alfahari ne a gidan sarauta ko na attajiri.

Tun daga ƙarni na 15 ra'ayi ya fara juyawa. Malaman shayi, daga Murata Juko har zuwa Sen no Rikyu (1522-1591), suka fifita sauƙi da rashin ƙawa. Ta haka kwanukan Koriya da ake kira Ido, waɗanda ba su da wani ado, suka zama abin nema ruwa a jallo.

Wajajen 1580 Rikyu ya sa wani magini a Kiyoto mai suna Chojiro ya gina masa kwanon da ya dace da wannan ra'ayi. Chojiro bai ɗora yumɓu kan faifan juyi ba. Da tafin hannu yake tayar da shi, in ya sha iska ya bi shi da ƙarfe yana kankarewa ciki da waje. Baƙin kwano kuwa ana zaro shi daga wuta da awartaki yana ja wur, a bar shi ya huce a sarari. Gashin ba ya sa yumɓun ya yi tauri ainun, saboda haka kwanon ba nauyi, zafin shayi kuma ba ya ƙona hannu. Wannan gini shi ne Raku, kuma a nan ne Japan ta sami kwanon da yake nata na kanta.

Almajirin Rikyu, Furuta Oribe, ya bambanta da malaminsa wajen son karkatattun kwanuka, ginin yankin Mino. Yaƙin da mai mulkin Japan, Toyotomi Hideyoshi, ya kai Koriya tsakanin 1592 da 1598 kuma ya sa aka kwaso magina da yawa, wasu bisa tilas, har aka kafa matoyar Hagi, ta Karatsu ta bunƙasa. Masu shayi kan jera Raku a gaba, Hagi na biye, sannan Karatsu.

Fitaccen kwano yakan sami suna nasa da akwatin katako. In ya fashe ba a yar da shi: a liƙe da ƙaron itacen urushi, a bi tsagar da garin zinariya. Zuriyar maginan Raku na nan a Kiyoto, inda ta buɗe gidan tarihi a 1978, kuma magini na 16 ya karɓi ragamar gidan a 2019.