Sirrin 'yar jakar da ke bayan kaza

A cikin jikin kowane ɗan tsako, daf da saman dubura, akwai wata 'yar ƙaramar jaka mai ninki-ninki a cikinta. Tana girma da sauri a makonnin farko bayan ƙyanƙyasa, amma da zarar kaza ta balaga sai ta motse har ta kusa ɓacewa. Mai gyaran kaza ba ya ko kula ta, tare da kayan ciki yake watsar da ita. Sai da masana suka yi sama da shekara 330 kafin su gano aikinta, kuma amsar da suka samu ta sauya yadda ake fahimtar garkuwar jikin ɗan Adam kansa.

Wanda ya fara bayyana ta shi ne Fabrisiyus, malamin ilimin sassan jiki a Jami'ar Padua ta ƙasar Italiya. Ya rasu a 1619, littafinsa kan samuwar ƙwai da ɗan tsako ya fito a 1621, shi ya sa ake kiran jakar da sunansa, bursa ta Fabrisiyus. A hasashensa, nan ne kaza ke ajiye maniyyin zakara. Hasashen bai rasa dalili ba, domin bayan barbara ɗaya kaza kan yi kwanaki tana saka ƙwan da zai ƙyanƙyashe. Sai dai abu biyu sun rusa shi: zakara ma yana da jakar, kuma tana motsewa ne a daidai lokacin da kaza ta isa yin ƙwai. Hasashe ya faɗi, ba a samu madadinsa ba.

Bakin zaren ya fito ne daga sashen kiwon kaji na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka. Wani ɗalibin digiri na uku, Bruce Glick, ya riƙa cire wa 'yan tsaki jakar don ya ga abin da zai same su. Suka ci, suka girma, babu wani bambanci a zahiri. A 1954 abokin karatunsa Timothy Chang ya karɓi wasu daga cikin kajin domin ya nuna wa ɗalibai yadda jiki ke ƙera sinadaran kariya a jini idan ƙwayar cuta ta shige shi. Ya yi musu allurar wani ɓangare na ƙwayar Salmonella. Wasu suka mutu, waɗanda suka rayu kuma aka auna jininsu babu sinadarin kariya. Darasi ya lalace. Da Glick ya duba lambobin da ke maƙale a fukafukansu, sai ya ga kajin da ya cire wa jaka ne.

Suka maimaita gwajin da kaji masu yawa, sakamako bai canza ba. Mujallar Science ta ƙi karɓar rahotonsu, sai a mujallar Poultry Science ya fito a 1956, inda likitocin mutane ba su cika leƙawa ba. Ya yi shekaru a can kusan babu mai waiwayarsa.

A lokacin kuwa likitocin yara na fama da nasu ruɗanin. Akwai yaran da jikinsu ba ya ƙera sinadaran kariya, cututtukan bakteriya na ta kama su, amma suna iya warkewa daga wasu cututtukan bairas. Akwai kuma waɗanda matsalarsu ta sha bamban da wannan. In garkuwar jiki aba ɗaya ce, yaya rabinta zai mutu rabi na aiki? A 1961 Jacques Miller, yana aiki a Landan, ya nuna da ɓeraye cewa wata gaɓa mai suna taimos tana da hannu a garkuwa. Sai Max Cooper, likitan yara a Jami'ar Minnesota, ya koma kan kaji tare da Raymond Peterson da Robert Good. Suka cire wa wasu tsaki bursa, wasu kuma taimos, suka haska musu hasken eksire don kashe ragowar ƙwayoyin garkuwa. Marasa bursa suka kasa ƙera sinadaran kariya. Marasa taimos suka kasa korar fatar wata kaza da aka dasa musu. Rahotonsu na 1965 ya tabbatar da cewa runduna biyu ce: ƙwayoyin B masu fitowa daga bursa, da ƙwayoyin T masu fitowa daga taimos.

Saura tambaya ɗaya: daga ina ƙwayoyin B ke fitowa a jikin mutum, tunda ba shi da bursa? A 1974 Cooper da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa hantar ɗan tayin ɓera na samar da ƙwayoyin B, wasu masanan kuma suka nuna cewa bayan haihuwa ɓargo ne ke wannan aiki. A 2019 aka ba Cooper da Miller lambar yabo ta Lasker.

Wannan bincike ya shafi mai kiwon kaji a Kano ko Maraɗi kai tsaye. Cutar Gumboro, wadda Albert Cosgrove ya bayyana a 1962 daga wani gari mai wannan suna a jihar Delaware, bairas ce da ke afka wa bursa. Ta fi kashe tsaki masu mako 3 zuwa 6. Waɗanda ta kama tun ba su kai mako 3 ba kuwa, ko alamarta ba ta bayyana ba, takan bar su da raunin garkuwa, har a yi musu rigakafin cutar Niyukasil ya ƙi kamawa, mai kaji ya ɗora laifin a kan maganin. Bairas ɗin kan yi watanni a ɗakin kaji bai mutu ba. Don haka duk mai zuba sababbin tsaki ya wanke ɗaki ya fesa magani tukuna, ya kuma bi jadawalin rigakafin Gumboro da likitan dabbobi ya ba shi ba tare da tsallake rana ba.