Tarihin Inshorar Lafiya a Gana da Yadda Ta Shafi Masu Ƙaramin Ƙarfi a Tamale

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce lafiya uwar jiki, to amma neman lafiyar a asibiti yana buƙatar kuɗi, kuma tambayar wanda zai biya kuɗin ta daɗe tana damun ƙasashen Afirka. Wannan takarda za ta bi diddigin yadda ƙasar Gana ta yi ta sauya hanyar biyan kuɗin magani tun daga 1957, tare da duba yadda sauyin ya shafi talakawan birnin Tamale da ƙauyukan da ke kewaye da shi.

2.0 Tamale a Taƙaice

Tamale gari ne na Dagwamba. A 1907 Turawan Ingila suka mayar da shi hedikwatar yankunan arewa. Hausawa fatake sun zauna a zangonsa, musamman bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 wanda ya tarwatsa 'yan kasuwar goro. Turawa sun ɗauki arewa a matsayin wurin samo leburori domin gonakin koko da ma'adinan kudu, saboda haka makarantu da asibitoci ba su yawaita a can ba. Sai a 1974 aka buɗe babban asibitin yanki a Tamale, wanda daga baya ya zama asibitin koyarwa.

3.0 Daga Magani Kyauta Zuwa Biya Kafin Magani

Gwamnatin Kwame Nkrumah ta riƙa ba da magani kyauta a asibitocin gwamnati, tana biya daga haraji. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, sai aka kawo dokar kuɗin asibiti a 1969 da 1971. A 1985 gwamnatin Jerry Rawlings ta ƙara kuɗin sosai, bisa tsarin gyaran tattalin arziki da ta ƙulla da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya. Daga 1992 kuma aka shiga tsarin da mutanen Gana suka yi wa laƙabi da "cash and carry", wato majinyaci ya biya kafin a ba shi magani.

Tsarin ya sa magunguna sun samu a asibiti, amma ya kori talaka. Manomin arewa damina ɗaya gare shi a shekara, kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta a lokacin da rumbu ya ƙare, sabon amfani bai iso ba. Maigida kan sayar da akuya ko zabi, ko ya ci bashi, ko ya jinkirta kai yaro asibiti har ciwon ya yi nisa.

Jama'a ba su naɗe hannu ba. A 1991 Dakta David Abdulai ya buɗe asibitin Shekhinah a Tamale, inda ya riƙa duba matalauta da masu taɓin hankali kyauta har zuwa rasuwarsa a 2016. A 1992 asibitin cocin Katolika na Nkoranza ya fara asusun taimakekeniya, inda mutane ke zuba kuɗi kaɗan sau ɗaya a shekara domin a biya wa wanda aka kwantar. Asibitin Damongo, yamma da Tamale, ya bi sahu a tsakiyar shekarun 1990.

4.0 Dokar Inshora ta 2003

A zaɓen 2000 John Kufuor ya yi alƙawarin soke tsarin biya kafin magani. Majalisa ta zartar da dokar inshorar lafiya mai lamba 650 a 2003, aka kafa asusu a kowace gunduma. Kuɗin shirin yana fitowa ta hanyoyi uku. Akwai harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki da hidimomi, akwai kashi 2.5 daga gudummawar fanshon ma'aikata, sannan akwai kuɗin shekara da manoma da 'yan kasuwa ke biya, wanda mafi ƙanƙantarsa da farko ya kasance sidi 72,000 na tsohon kuɗi, wato sidi 7.20 bayan canjin kuɗi na 2007.

Doka ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 da tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama da matalauta biyan wannan kuɗi. A 2008 aka ƙara da mata masu juna biyu. A 2012 doka mai lamba 852 ta haɗe asusun gundumomi ƙarƙashin hukuma ɗaya.

5.0 Wane ne Matalauci?

Nan ne gizo ke saƙa. Ƙa'idojin 2004 sun ce matalauci shi ne wanda ba shi da aikin yi, ba shi da takamaiman wurin kwana, kuma ba wanda ke tallafa masa. Wannan ma'ana ta fi dacewa da mai kwana a titin Akara. A ƙasar Dagwamba da cikin zango kuwa, zumunci ba ya barin mutum ya kwana a waje. Bazawara ko tsoho ko makaho yana da ɗaki a gidan gandu, ko da kuwa gidan kansa ba ya iya cin abinci sau uku. Ke nan al'adar riƙon dangi ta zama dalilin da ya fitar da mabuƙata da yawa daga jerin waɗanda za a yafe wa. An rage wannan giɓi da aka riƙa yi wa masu karɓar tallafin gwamnati na shirin LEAP, wanda ya fara a 2008, rajista kyauta.

Matsala ta biyu ita ce sabunta kati kowace shekara. Ga mutumin ƙauye, kuɗin mota zuwa ofis da yinin da zai ɓata a layi na iya fin kuɗin inshorar. A 2011 ƙungiyar Oxfam ta fitar da rahoton da ya ce mai yiwuwa kashi 18 cikin 100 kaɗai na 'yan ƙasa ke da kati mai aiki, alhali talaka yana biyan harajin shirin duk lokacin da ya sayi kaya. Hukumar ta musanta adadin, amma ta sake hanyar ƙidayarta. A ƙarshen 2018 aka fara sabunta kati ta wayar hannu.

Matsala ta uku ita ce jinkirin biyan asibitoci kuɗin aikinsu, abin da ya sa wasu suka riƙa neman mai kati ya cika kuɗi ko ya sayo magani a waje. A 2025 gwamnatin John Mahama ta janye iyakar da aka sa wa kuɗin harajin shirin tun 2017, domin duk abin da aka tara ya shiga asusun.

6.0 Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa yafe wa talaka kuɗi a takarda mataki ne na farko kawai. Sai an tantance shi da ma'aunin da ya dace da zaman gidansa, an kusanto masa da rajista, an kuma biya asibiti a kan lokaci, sannan katin zai yi masa amfani. Darasin ya shafi Nijeriya, wadda ta ƙaddamar da nata shirin a 2005, ta kuma wajabta inshorar lafiya da dokar 2022, domin zaman gandu da damina ɗaya da ake gani a Tamale su ne ake gani a ƙauyukan Kano da Katsina da Sakkwato.