Dami na Goma: Tarihin Zakka Tsakanin Rumbu da Majami'a

Ina ɗan shekara tara na fara ganin yadda ake fitar da zakkar gero. A Maikujera ne, cikin ƙasar Rabah, inda aikin malamin gona ya kai mahaifina. Da kaka maƙwabcinmu zai tsaya bakin gona ana jera masa dammuna yana ƙirgawa, tara su nufi rumbu, na goma a jingine shi gefe. Mu Kiristoci ne, su Musulmi. Abin da ya ɗaure mini kai a lokacin shi ne, duk ƙarshen wata Baba yakan ware wasu kuɗi daga albashinsa ya naɗe a takarda, ya ajiye sai ranar da muka shiga Sakkwato sujada, shi ma zakka yake kiran su. Kalma ɗaya ce ake amfani da ita a gidajen biyu.

Ban sake waiwayar wannan ba sai bara, da kamfanin da nake rubuta wa manhaja ya yanke aikinmu, na yi wata biyar ba wani kuɗin kirki da ya shigo. Duk Lahadi idan aka zo baiko da zakka sai in sunkuyar da kai. An sha karanta mana Malakai sura 3, inda ake kwatanta mai hana zakka da wanda ya yi wa Allah fashi, har na soma tambayar kaina ko rashin biyan ne ya toshe mini hanya. Daga nan addu'a ta soma yi mini nauyi. Shi ya sa na koma bin sawun wannan kalma, in ga daga ina ta zo mana, kuma me ta zubar a kan hanya.

Zakka ta riga Bishara zuwa ƙasar nan da ɗaruruwan shekaru. A fiƙihun Malikiyya da malaman Sakkwato suke bi, amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da ushiri, wato ɗaya cikin goma. Wanda aka shayar da wahala, kamar mai jan ruwa da jigo a fadama, rabin ushiri ne, ɗaya cikin ashirin. Akwai kuma nisabi: sai hatsin ya kai wusuƙi biyar, sa'i 300 ke nan, abin da malamai da yawa a yau suke ƙiyastawa da kusan kilo 650. Wanda gonarsa ba ta kai haka ba, babu komai a kansa. Hasali ma yana iya kasancewa cikin masu karɓa, domin faƙirai da miskinai ne farkon jinsi takwas da aka ambata a Suratut Tauba. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa yake har yau, da irin wannan tsari aka shiga hulɗa da manoman fadamar Rima. Ba kullum masu karɓa suke tsayawa a kan ƙa'ida ba, amma ƙa'idar sananniya ce: ana duba abin da ƙasa ta bayar kafin a tambayi manomi.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Cikin 'yan shekaru suka haɗe zakkar hatsi da kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen da ake karɓa suka mai da su haraji guda, wanda ake yankawa a biya da tsabar kuɗi. Dami na goma yana raguwa idan damina ta gaza, amma haraji ba ruwansa da damina. A yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 talakawan Arewa sun ɗanɗana wannan bambanci, domin an nemi kuɗi a hannun mutanen da rumbunansu suka ƙone ƙurmus.

A wannan zamani ne masu wa'azin Bishara suke neman ƙofar shiga. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taka musu birki a ƙasashen sarakunan Musulunci. Dokta Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna a Zariya, daga baya aikin ya koma Wusasa, kuma yana cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar fassarar da ta ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka faro a 1893, ta shiga Damagaram a 1924, sannan Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920. Gulbin Maraɗi da ya ratsa can shi ne yake gangarowa ya haɗu da Rima, ruwan da ake tarewa yau a madatsar Goronyo. A ɓangaren Sakkwato kuwa ta hanyar jinya aka shigo: wajen 1937 aka damƙa wa SIM kula da zangon kutare na Amanawa, tare da na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina.

A dubi su wane ne suka fara cika waɗannan ƙananan majami'u: majinyatan da cuta ta raba da garuruwansu, da marayu, da 'yan aikin gidan mishan, da manoma masu ƙaramin ƙarfi. Da aka zo koya musu bayarwa, ba a ƙirƙiro sabuwar kalma ba. An ɗauki zakka da ushiri, kalmomin da kowa ya sani tun daga gida, aka haɗa da baiko, wanda shi kyauta ce ta ganin dama. Akwai dalilin da ya sa mishan ta matsa a kan haka. Tun ƙarni na 19 Henry Venn na CMS ya shimfiɗa manufar cewa ekklisiyar ƙasa ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa kanta. Su kansu ma'aikatan SIM ba su da tabbataccen albashi, da gudummawar masu bi na Kanada da Amurka da Ingila suke rayuwa, kuma karayar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930 ta taɓa su. Saboda haka da dammunan gero da dawa, da kaji, da aikin gayya a gonar mai bishara aka gina majami'un karkara. Da irin wannan taro da sisi aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa a 1948, wadda ta zama EMS, kafin ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Ba ƙaramin abin alfahari ba ne a ce matalauta sun ɗauki nauyin addininsu. Amma a lura, yawancin abin da suke kawowa daga gona yake fitowa, shekarar da aka samu a kawo da yawa, shekarar fari a kawo abin da ya sawwaƙa.

Shi ma ushirin Littafi Mai Tsarki a gona aka haife shi. A Littafin Firistoci sura 27, abin da aka ambata shi ne hatsin ƙasa, da 'ya'yan itatuwa, da dabba ta goma da ta wuce ƙarƙashin sandan makiyayi. Mai tumaki tara ke nan ba shi da ta goma da zai bayar. A Maimaitawar Shari'a sura 14 an ce duk shekara ta uku a tara ushirin a cikin gari domin Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa su ci su ƙoshi. Wato wanda ba shi da gona a layin masu ci yake. Ɗakin ajiyar da Malakai yake magana a kai rumbun abinci ne na Haikali, kuma a cikin surar nan tasa an tsawata wa masu danne ladan ɗan ƙodago da masu zaluntar gwauraye da marayu. A Sabon Alkawari, cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, Manzo Bulus bai yanka kashi ba. Ya ce a bayar gwargwadon abin da ake da shi, ba bisa tilas ba, kuma tarin da yake yi na masu bi ne da talauci ya kama a Urushalima.

Tilastawa daga baya ta zo. Taron limaman coci a garin Makon na Faransa a shekara ta 585 ya yi barazanar fitar da wanda ya ƙi biya daga jama'a. Sarki Shalman ya mai da ita dokar ƙasa a 779. Manoman Turai sun yi shekara dubu suna kai ushiri ko suna so ko ba sa so, har juyin juya halin Faransa ya soke shi a 1789, Ingila kuma ta mai da shi kuɗi a 1836.

A Najeriya sauyi na biyu ya zo ne tare da albashi da kuma tsananin rayuwa. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da faɗuwar kuɗin man fetur, da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, sai wa'azin wadata ya yi ƙarfi, wanda ake dangantawa da irin su Benson Idahosa na Benin. A wannan koyarwa zakka ta zama iri da ake shukawa domin a girbe kuɗi, rashin biyanta kuma ƙofar tsiya. Ta kaset da talabijin, yanzu kuma ta waya, saƙon ya iso har majami'un Hausa da ba su san shi a da ba. Nan lissafin ya juye. Da, talauci yana sauke wa mutum zakka. Yanzu an ce rashin zakka ne ya jawo masa talaucin, don haka wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa laifi.

Muhawarar ta fashe a 2017 lokacin da ma'aikacin rediyon nan na Legas, Daddy Freeze, ya ƙalubalanci manyan fastoci. Fasto Enoch Adeboye na cocin Redeemed ya taɓa cewa wanda ba ya biyan zakka ba zai shiga sama ba. A watan Oktoba na 2024 ya fito a bainar jama'a ya nemi gafara, ya ce wannan magana ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, ko da yake bai daina ƙarfafa bayarwa ba. Na girmama shi a kan haka. Sai dai na tuna da mutane nawa suka kwana da yunwa ko suka ci bashi saboda tsoron waccan magana.

A sa lissafin a ƙasa. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yuli na shekarar naira 70,000 ne. Ushirinsa 7,000. Ga mai samun miliyan biyu, fitar da dubu ɗari biyu ba zai hana tukunyarsa tafasa ba. Ga mai dubu saba'in da 'ya'ya huɗu, dubu bakwai tiyoyin hatsi ne da za a rasa a gida. Kashi ɗaya ne a takarda, amma nauyinsa ba ɗaya ba ne a wuya. Wannan gibin ne nisabi yake toshewa, shi ne kuma muka bari a baya lokacin da muka ari kalmar.

Na ga amfanin nisabi da idona a watan Satumba na 2010, shekarar da ambaliya ta biyo Rima daga Goronyo ta shafe gonaki da ƙauyuka har ta yanke hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wani abokin Baba a wajen Wurno ya rasa shinkafarsa kaf. Babu wanda ya ce masa ya yi wa Allah fashi. Waɗanda gonakinsu na tudu suka tsira su suka aiko masa da dami, ya karɓa ba tare da jin kunya ba, domin shi ma shekara da shekaru yana fitarwa. A yau manoma da yawa a Rabah da Goronyo 'yan bindiga sun raba su da gonakinsu, wasu ma sai sun biya kuɗin da aka ɗora musu kafin su yi girbi. A cikin majami'un Sakkwato ma akwai waɗanda gudun hijira ya kawo, suna zaune a benci ɗaya da mu ranar Lahadi.

Ban ce a daina bayarwa ba. Fasto yana da iyali, mai bishara a ƙauye da wannan kuɗi yake ci, kuma na san gwaurayen da Zumuntar Mata ta riƙe da ɗan abin da ake tarawa. Majami'ar da kakanninmu suka gina da dami ba za ta tsaya da fatar baki ba. Abin da nake roƙon dattawan ekklisiya shi ne su dawo da rabin tarihin da ya ɓace: a faɗa daga kan bagade cewa akwai shekarar bayarwa, akwai shekarar karɓa, a kuma bayyana wa jama'a nawa ne daga abin da aka tara ya koma ga mabukata.

A wata na huɗu na rashin aikina na je na sami wani dattijo a majami'armu, na ce masa, Baba, na kasa. Bai buɗe mini Malakai ba. Ya tambaye ni ko akwai abinci a gida, da na yi shiru sai ya gane. Da yamma aka aiko yaro da rabin buhun masara daga ɗakin ajiyar majami'a. Na daɗe ina kallon buhun nan kafin in kwance bakinsa, domin ban taɓa zaton zan tsaya a wannan layi ba. A daren ne na iya yin addu'a, karo na farko cikin makonni.

Yanzu aiki ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. Ina fitarwa, wani watan ya kai ushiri, wani watan bai kai ba. Idan kaka ta yi, ina da niyyar in sayi buhu guda in mayar ɗakin nan.