Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Masallacin Zariya

Da Edita ya nemi in rubuto wani abu na tarihi, sai na ce ba zan taɓo sarki ko mayaƙi ba, domin waɗannan mun haddace su tun muna aji uku. Labarin magini zan kawo muku, ga kuwa dalili.

A daminar bara soron gidanmu na Rurum Sabon Gari ya tsage daga sama. Kakanmu ne ya sa aka gina shi, rufin daurin guga ne, a cikinsa aka raɗa mini suna. Na ɗauki hutu daga ofis, na zaga Rano da Kibiya ina cigiyar wanda zai gyara. Duk maginin da na samu amsarsa ɗaya ce: a rushe, a sa bulo da kwano. Daga ƙarshe aka kai ni wurin wani dattijo wanda ya san aikin, amma ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa kuma suna Kano suna tuƙa adaidaita sahu. A hanyar komawa gida na tuna da wani gini da na sha shiga lokacin da nake karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, wato tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya, da mutumin da ya gina shi.

Sunansa Muhammadu Durugu, a wasu littattafan kuma za ku ga an rubuta Malam Mika'ilu. Laƙabin da ya bi shi har yau shi ne Babban Gwani. Ya yi aikin masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, wato bayan jihadi, lokacin da sababbin sarakuna ke son manyan masallatai da fadoji.

Sai mutum ya san kayan aikinsa kafin ya gane gwanintarsa. Ba siminti, ba rodi. Tubali ne na ƙasa da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, sai azara, wato tsagin itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Matsalar azara ita ce ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida. To, yaya za a rufe wurin da ɗaruruwan mutane za su yi sahu? Dabarar ita ce bakan gizo. Magini zai dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe, sannan ya ɗora wata a kanta ta ƙara karkatowa. Haka zai yi ta yi daga kowane ɓangare har su haɗu a tsakiya. Idan ya yi gaggawa, ko ya kuskure awo, ranar da aka ɗora rufi ranar komai zai zubo. Maginan ƙasar Hausa sun san wannan dabara kafin Durugu, amma shi ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin rufin nan ya ɗaga kai, zai ga bakuna suna fita daga manyan ginshiƙai suna ratsa juna, ga zane a jikinsu, har ya manta cewa ƙasa ce irin wadda muke takawa.

A nan mu mutanen Rano muna da ɗan abin faɗa. Laso, wanda ake shafe rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa, da katsi ake haɗa shi, katsi kuwa daga ƙasan karofi ake kwaso shi. A labarin Bayajida ma Kano da Rano su ne sarakunan baba. Ke nan da marina suka mutu a garuruwanmu, magini ya rasa wani abu daga kayan aikinsa.

Sunan Durugu ya wuce Zazzau. Shi ake danganta wa ginin gidan Madaki a Kafin Madaki ta ƙasar Bauchi a 1860, wanda gwamnati ta sanya cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Game da ƙarshensa akwai labarin baka da ke cewa wani sarki a Birnin Gwari ya sa ya yi masa gini, da ya gama aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Ana ba da irin wannan labari kan manyan magina a ƙasashe da dama, don haka ni ina ɗaukarsa a matsayin shaidar yadda mutane suka girmama aikinsa. Allah Ya jiƙansa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren aikinsa. Durugu shugaban magina ne, yana da yara da almajirai a ƙarƙashinsa. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sarautar Sarkin Magina a Zariya, har akwai unguwa mai suna Babban Gwani. Wannan tsari na sarautar sana'a shi ne makarantar, shi ne kuma mai tantance wanda ya isa a ba shi aiki. A Turai ma haka abin yake a da. Alal misali, a ƙasar Siwidin sai a 1846, shekarar da mulkin Abdulkarim ya ƙare, aka soke tsofaffin ƙungiyoyin da ke iko da masu sana'ar hannu, irin su maƙera da masu haɗa agogo. Amma su sai suka sake haɗuwa da kansu, har suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya a 1905. Mu kuwa da siminti ya zo, sarautar ta saura, koyarwar ta yi rauni, mu 'yan boko kuma ba mu tambaya ba.

Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, shi ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla. A shekarun 1970 aka yi sabon masallaci na zamani wanda ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Wanda ke son ganin siffarsa ta asali sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka gina kwafinsa da ƙasa.

Soronmu dai yana nan, mun tokare shi da itace mun lulluɓe da leda. Yayyena sun ba ni zuwa ƙarshen rani, in ban samo mai gyara ba za a sa kwano. Don Allah duk wanda ya san magini mai iya daurin guga, ko a Rano ko a Zariya, ya sanar da Sakataren ƙungiya ya haɗa mu.