Tarihin Dokokin Kula da Masu Taɓin Hankali a Najeriya

Kafin zuwan Turawa, kula da mai taɓin hankali a ƙasar Hausa nauyi ne da ke kan iyali da dangi. Idan mutum ya fara sambatu ko ya ƙaurace wa barci, akan nemi malami ya yi masa rubutu da tofi, ko a kai shi wurin boka. Inda ake zaton iskoki ne suka taɓa shi, sai a kira 'yan bori su yi masa girka. Wanda ciwonsa ya kai ga duka ko gudu kuwa, akan sa masa mari a killace shi a ɗaki. Hukuma ba ta shiga ciki sai in ya yi ɓarna.

Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe gidan tsare mahaukata a Kalaba a 1904, sannan wani a Yaba da ke Legas a 1907. A 1916, zamanin Gwamna Lugga, aka kafa doka kan hauka, wadda ta ba majistare ikon tsare mutum idan likita ya shaida cewa hankalinsa ya taɓu. Manufar dokar ita ce kare jama'a daga mara lafiya, warkar da shi bai dami masu rubuta ta ba sosai. Gidajen sun cika maƙil, magani kaɗan ne, kuma a wurare da yawa, har da Arewa, kurkuku ne ya zama masaukin irin waɗannan mutane. An yi wa dokar kwaskwarima a 1958, ana gab da samun 'yancin kai, amma ruhinta bai sauya ba, kuma da ita ƙasar ta ci gaba da aiki fiye da shekara 60.

Babban sauyi a wancan zamani daga wani likita ya fito, Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi karatu a Ingila ya dawo ya kama aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta a 1954. Lambo ya lura cewa raba mara lafiya da danginsa yana ƙara masa ciwo. Sai ya shirya da ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, suka riƙa ba marasa lafiya masauki, kowanne tare da wani ɗan uwansa, uwa ko 'yar uwa, da zai zauna da shi. Da rana a karɓi magani, sauran lokaci a yi zaman ƙauye, a je kasuwa, a gaisa da maƙwabta. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, domin ya san da su jama'a suka yarda. Tsarin ya yi suna a duniya, Lambo kuma ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin takaici shi ne gwamnatocin da suka biyo baya ba su mayar da wannan dabara tsarin ƙasa ba, sai suka fi karkata ga manyan asibitoci, irin na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware a jihar Sakkwato.

A 1991 gwamnati ta fitar da manufa ta farko kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ce a shigar da ita cikin ayyukan ƙananan asibitocin matakin farko, kuma an sabunta ta a 2013. Galibin abin ya tsaya a takarda. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Alhali bukata ƙaruwa take yi, ga firgicin da rikicin Boko Haram ya bari a Arewa maso Gabas tun 2009, ga shaye-shayen da ya sa aka hana sarrafa maganin tari mai kodin a 2018. Giɓin da aka bari gidajen mari ne suka cike shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu ɗaure da sarƙa, aka kuma sami irin haka a Daura bayan 'yan makonni.

Ƙudurin sabuwar doka ya shiga Majalisar Tarayya tun 2003, ya yi ta kwan-gaba-kwan-baya, har sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu. Ta soke dokar 1958, ta tanadi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusu na musamman, ta kuma fayyace haƙƙin mara lafiya: a nemi yardarsa kafin magani, kada a nuna masa wariya, kuma tsare shi ba da son ransa ba sai bisa sharuɗɗa. Sai dai ba ta taɓa sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa da sashe na 327 na kundin Kudu ba, waɗanda suka ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi. Ƙananan asibitocin da talaka ke zuwa kuma suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi, don haka aiki da dokar ya dogara ga abin da kowace jiha ta ware na kuɗi da ma'aikata.